Ragowar Tuwon Yayana

Shekara goma sha ɗaya na yi ina masinja a kotu kafin abin ya faru, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin kaina da aikin. Karatuna aji huɗu ne na firamare, sai abin da na tsinta a bakin akawuna. Amma ina da kaki, ina da keken gwamnati, ina da littafi mai baƙin bango. Duk wanda na kai wa takarda, sammaci ne ko oda, sai ya sa hannu a littafin nan ko ya dangwala yatsa, in koma in nuna wa rajistara. Da idona na ga attajirin da ba ya tashi wa kowa ya miƙe yana goge hannu a riga don ya karɓi takarda a hannuna. Shi ya sa na ɗauka babu ƙofar da takardar alƙali ba ta buɗewa a Sakkwato. Wautata ke nan, kuma ba ni na fi shan wahalarta ba.

Yayana ya girme ni da shekara tara. Hatsi yake saye da sayarwa, gero da dawa, kuma shi ke sauke fatake a gidanmu na gado a Ƙofar Marke. Zamanin soja ne, lokacin da kuɗin mai ya shigo gari, ana ta gine-gine da sayen rediyo, can arewa da mu kuwa fari ya cinye mutane da dabbobinsu. Zaurenmu bai taɓa zama babu baƙi ba. Daga ƙetaren iyaka suke zuwa neman hatsi, su kwana biyu uku, su wuce. Yadda muka taras ubanmu yana yi, ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi. A ba shi ruwa, a ba shi tabarma, in ya so ya faɗa.

Wata rana da hantsi, bayan ƙaramar Sallah da 'yan makonni, mutum biyu cikin kayan gida suka tsaya a rumfarsa a kasuwa. Suka tambaye shi wani baƙo da ya kwana huɗu a zaurenmu. Maƙwabcin rumfarsa ya ce min abin da Yaya ya ce musu ke nan: "Baƙo na, ya kwana ya wuce. Ban tambaye shi ba." Suka ce ya zo su yi magana ta minti biyar. Ya bar mudunsa a cikin buhu ya bi su zuwa wata farar mota marar lamba.

Kwana uku ina yawo. 'Yan sanda suka ce ba su ba ne. Gidan yari suka buɗe min littafinsu don suna ganin kakina, babu shi. Wani direba a wurin aikinmu ne ya ja ni gefe ya ce in daina wahalar da kaina, 'yan farin kaya ne, masu aikin asirin gwamnati. Ya kwatanta min gidan, ya ce in na faɗa wa wani shi ya gaya min, bai san ni ba.

Gida ne kamar na kowane babban ma'aikaci, da itatuwan dogonyaro a gaba. Babu allo, babu tuta. Ƙofar ƙarfe ce mai ɗan taga da bai fi tafin hannu biyu ba. Matar yayana ta ce kada in je hannu sake, ta zuba tuwo a langarsa, farar langa mai jan baki wadda ba mai ci a cikinta sai shi. Na ɗaura a bayan keke. Da na ƙwanƙwasa, wani mai jajayen idanu ya leƙo. Na faɗi sunan Yaya.

"Ba mu da kowa a nan," in ji shi.

Na ce abinci na kawo masa.

"Na ce maka ba mu da kowa. Ajiye kwanon. Ka dawo bayan la'asar."

Da la'asar ya miƙo min langar ta ƙasan ƙofa. Ban buɗe ba sai da na kai gida.

Sai na yi bayanin wani abu a nan, don wanda bai tashi a gida irin namu ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. Maigida ba ya cinye tuwonsa. Ana barin ragowa don ƙaramin cikin gida. Kowa na yi, amma Yaya nasa daban ne. Daga gabansa yake yanka, ya bar gefen can sumul bai taɓa ba, sannan ya ɗora tsokar naman a kai. Ko a shekarar da hatsi ya yi wuya haka yake yi. 'Yar autarsa ke ci, lokacin tana da shekara biyar.

Matarsa ta buɗe langar a tsakar gida. Ga gefen tuwon sumul, ga tsoka a kai. Ta duba. Sannan ta ce, "Shina nan. Alƙalin keke, yau ka yi aiki."

Haka take kirana tun da aka kawo ta gidan. Ni ƙanen miji ne, akwai wasa tsakaninmu. Nakan ce mata uwargidana, ta ce Allah ya tsare ta da miji mai gajeren wando.

Kullum da azahar nakan saci jiki daga kotu in ɗauki langa, da la'asar in karɓo. Kullum mai jajayen idanu ya ce ba su da kowa, kullum ragowa ta dawo. Kwana ashirin da huɗu muna haka.

Rana ta ashirin da biyar Laraba ce. Langar ta dawo ba nauyi. Da ta buɗe, babu komai ciki, an wanke ta tas. Ta kai hanci ta shinshina, ƙamshin sabulu.

"Wanka bai ci tuwon ga ba," ta ce, tana nufin Yaya.

Na ce ya ci mana, ga shi har ya cinye.

"Shekara goma sha bakwai ina zuba mai abinci, bai taɓa maido min kwano hakan ga ba. Ba shi yac ci ba."

Na ce mutumin da ke tsare yunwa gare shi, ba zaman zaure yake ba. Na ce ta gode wa Allah cin abincinsa ya ƙaru. Yarinyar na tsaye tana jira, sai uwar ta ja ta ɗaki ta zuba mata wani.

Washegari haka. Wanshekare haka. Ragowa ba ta ƙara dawowa ba.

A lokacin 'yan kasuwar hatsi sun riga sun samo lauya, ya shigar da ƙara a kotun da nake aiki. Alƙalin dattijo ne, mai gilashi, ba ya dariya kuma ba ya cin hanci, wannan na shaida. Ya sa hannu a oda cewa duk wanda ke riƙe da yayana ya kawo shi gaban kotu ranar kaza, ya faɗi dalilin riƙe shi. Mu uku ne masinjoji. Da aka ji inda takardar za ta, ɗaya ciwon ciki ya kama shi, ɗaya aka yi masa rasuwa a ƙauye. Rajistara ya ce bai kamata in kai takardar shari'ar ɗan'uwana ba, amma babu wani. Na goge takalmina ranar. Ina tuna wannan, kuma ina jin kunyarsa har yau.

Na miƙa takardar ta taga, na miƙa littafi da biro. Mai jajayen idanu ya karɓi takardar ya turo littafin.

"Sa hannu fa?" na ce.

"Ba ma sa hannu."

"Odar kotu ce. Kira min babbanku."

"Oga ba ya nan."

"Mi as sunanai? In rubuta."

Ya dube ni daga hula har takalmi. "Malam masinja, kai ne mai kawo tuwo ko? To ka tsaya a tuwon."

Na tsaya a ranar nan fiye da awa biyu, littafi a hammata. Ba wanda ya ƙara leƙowa. Da na koma, rajistara ya ce in babu sa hannu, a idon doka takarda ba ta isa ba. Na ce da hannuna na ba shi. Ya ce hannuna ba ya cikin fayil. Sau uku ina kai irin takardar nan, sau uku suna karɓa, layin littafina na nan fari.

Ranar zama, lauyan gwamnati ya zo, saurayi mai sabuwar mota. Ya ce shi bai san da wani gida ba, bai san da wani mai hatsi ba. Lauyanmu ya ce akwai mai shaida. Aka kira ni. Na cire hular aiki, na yi alwala, na dafa Alƙur'ani. Alƙali ya tambaye ni yadda na san yayana na cikin gidan nan. Na ce kullum ina kai masa abinci, ana karɓa, ana maido kwano. Ya ce, yana ci? Na ce yana ci, ranka ya daɗe, har cinyewa yake. A lokacin kusan wata ɗaya ke nan langa na dawowa a wanke. Maganar matarsa ta faɗo min ina tsaye a wurin, na kore ta. Ina ganin in na kawo zancen ragowar tuwo a gaban masu baƙar riga, dariya za su yi min.

Tsakanin nan aka yi babbar Sallah. Ta soya naman layya, ta zaɓi hanta da tsoka mai kyau ta cika langa, ta ce ko Allah zai sa. Langar ta dawo ko maiƙo babu.

A zama na gaba lauyan gwamnati ya daina musu. Ya fito da takarda guda mai hatimi ya miƙa. Ga sunan yayana an buga da tafireta, ga sa hannun wani babban soja. An tsare shi saboda tsaron ƙasa, a ƙarƙashin dokar soja. Kuma dokar ta ce duk wanda aka tsare da irin wannan takarda, babu kotun da ke da ikon tambayar dalili, ko wuri, ko ranar saki. Alƙali ya karanta sau biyu. Ya cire gilashi ya goge. Ya ce hannunsa a ɗaure yake. Lauyanmu ya ce ko a bari a gan shi. Lauyan gwamnati ya ce dokar ta tanadi kwamiti mai duba waɗanda ke tsare lokaci-lokaci, kada kowa ya damu.

Kun san abin da na yi? Murna na yi. Na taka keke zuwa Ƙofar Marke kamar wanda aka yi wa haihuwa. Na taras da matar Yaya tana tankaɗe. Na ce sun amsa, yana hannunsu, na ga sunansa da idona, da hatimi.

"Ka gane shi da idonka?"

Na ce takardar na gani.

"Takarda ka gani."

Raina ya ɓaci. Na ce mata gwamnati ba ta sa hannu ta tsare gawa. Na ce babban soja ba ya zama ya ɓata tawadarsa a kan wanda ba ya nan. Na ce ita da ba ta san alif na boko ba, ta bar min abin da na sani, ta daina yi wa ɗan'uwana fatan mutuwa saboda loma uku ta tuwo. Da ƙarfi na faɗa, matan gida duk suna ji. Dattawan zaure ma da na kai musu labari bayana suka bi. Suka ce mutumin kotu ya faɗa, mace kuwa da ma akwai saurin karaya.

Ta ajiye rariya. Ta ce, "To. Kai ad da karatu. Gobe ka zo ka ɗauka."

Ta ci gaba da dafawa. Ba ta taɓa fashi ba, ba ta taɓa rage nama ba. Sai dai ta daina buɗe langar in na kawo, ta kan ce in kife ta can.

A cikin watannin nan aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, irin wanda ba a taɓa gani ba. Gari ya rikice da sababbin babura. Ni ma na saya. Amfaninsa ɗaya da na gani, tuwo na isa ƙofar ƙarfen nan da zafinsa. Mai jajayen idanu har ya fara yi min fara'a. Wata rana ya ce, "Ka gaya wa mai girkin nan yaji ya ɗan yi yawa jiya." Na ɗauka saƙon Yaya ne yake isarwa. Na kai mata. Ta ce, "Wanka bai taɓa cewa yaji ya yi yawa ba." Ta rage yajin.

Sau biyu takardar kwamiti na zuwa fayil ɗinmu, don lauyanmu bai daina rubutu ba. Layi uku ce kowace. Kwamiti ya zauna, ya duba batun wane, ya ga dacewar a ci gaba da tsare shi. Kowace ta zo sai in kai labari gida, in ce ga shi ana dubawa. Sanyi ya wuce, bazara ta zo da zafinta na Sakkwato wanda kwalta ke kama takalmi, ruwa ya sauka, aka yi shuka.

Gero ya kai gwiwa lokacin da soja suka ture soja. Sababbin suka ce za su saki waɗanda aka tsare ba dalili. Ranar da aka buɗe ƙofar ƙarfen ina wurin tun safe, da rigarsa wankakka a bayan babur. Mutum bakwai suka fito suna kare ido da hannu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambaya. Wani tsoho ya ce ya tuna wani mai hatsi, mai yawan tasbihi, amma an daɗe da fitar da shi daga ɗakinsu, tun kafin layya. Mai jajayen idanu ba ya wurin. Wanda ke ƙofa sabo ne, ya ce shi jiya aka kawo shi. Duk da haka ba mu daina kai tuwo ba.

Bayan mako biyu ambulan ya zo kotu. Rajistara ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Ya karanta min, ya fassara. Wanda ake magana a kansa ya rasu a tsare sakamakon zazzaɓi, hukuma ta yi masa sutura. Ba a faɗi inda aka binne shi ba. Turancina bai kai ba, amma ina karanta kwanan wata. Na karɓi takardar na duba, na ɗauko kalandar bara da ke bayan ƙofa. Talata ce. Washegarinta ce Larabar da langa ta fara dawowa a wanke.

Na ce a ba ni fayil. Na buɗe takardar tsarewa mai hatimi, wadda na yi wa murna. An sa mata hannu yayana na da kwana arba'in da wani abu a ƙasa. Sai da kotu ta matsa suka zauna suka buga ta. Kwamitin nan kuwa sau biyu yana zama yana duba mamaci, yana ganin bai kamata a sake shi ba.

Na shiga wurin alƙali ba tare da an kira ni ba. Ban durƙusa ba. Na ajiye takardun biyu a gabansa na nuna masa da yatsa. Na ce, ranka ya daɗe, wa zai tambaye su? Ya duba. Ya ce dokar da ta hana shi tambaya ba a soke ta ba, waɗanda suka zo ma suna bukatarta. Ya ce Allah ya jiƙansa. Na ce amin, don ba a ƙin cewa amin.

Takardar ta iyali ce, dole a kai, dole a sa hannu. Rajistara ya ce zai aiki wani. Na ce a'a.

Na sami matar Yaya ta gama kwashe tuwon rana, langa na gefe a rufe, tana jirana. Ta ga ban nufi langar ba, ta ga littafi a hannuna. Na tsuguna daga nesa. Ban iya yin doguwar magana ba, na ce Yaya ya rasu.

Ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta ce, "Yaushe?"

Na faɗa mata.

"Talata," ta ce. "Miyar kuɓewa busassa na yi ran Laraba." Ta dubi langar. "Wata takwas ina zaɓa musu tsoka."

Na buɗe littafin, na ce sai ta dangwala. Ta ga layukan nan uku farare a shafukan baya da nake juyawa, ta tambaye ni ko su sun taɓa sa hannu. Na ce a'a. Ta miƙo babban yatsa na shafa masa tawada. A duk shari'ar yayana, ita kaɗai ce ta taɓa sa hannu a littafina.

Limamin unguwa ya zo da la'asar. Dattawa suka tambaye shi salla, ya ce babu gawa, sai dai addu'a da sadaka. Aka tambaye shi takaba. Ya ce daga ranar rasuwa ake lissafi, ko mace ta sani ko ba ta sani ba. Wata huɗu da kwana goma sun wuce tun cikin bazara. Babu komai a kanta, in ta so ko gobe ta yi kwalliya. Ni aka aika in faɗa mata, don har lokacin ni ne mai kai saƙo.

Tana bayan labule ta saurare ni har na gama. Ta ce ta ji, Malam ya yi gaskiya. Sannan na ji ƙarar awarwaro tana cire su ɗaya ɗaya.

"Ranar da nis sani, kun ce ban sani ba," ta ce. "Yau za ni fara."

Ta yi kwanakinta cif, ba ta sa tozali ba, ba ta taka zaure ba. Ba wanda ya iya hana ta. Ba ta taɓa ce min ga laifinka ba, ko sau ɗaya. Amma daga ranar nan ba ta ƙara kirana alƙalin keke ba. Malam take ce min, ta gaishe ni da ladabi kamar baƙon da ya sauka a zaure.

Abu ɗaya ta roƙe ni, in nemo inda aka sa shi. Na je maƙabartun garin nan duka, na zauna da masu haƙa. Na rubuta takardu, ni da na san inda takardu ke ƙarewa. Gidan mai ƙofar ƙarfe yanzu wani ofishi ne daban, an yi fenti, an kafa allo. Na ƙara shekara goma sha huɗu ina kai wa mutane sammaci suna miƙewa tsaye, don ina da 'ya'ya kuma ban iya wata sana'a ba. Yanzu ina zaune unguwar Minanata. Duk Juma'a nakan je Ƙofar Marke in gaishe ta. Takan amsa, ta tambayi iyali, sannan ta ce, "Malam, an samu?" In ce ba a samu ba.